Babi na Shida: Daga Zariya zuwa Kujerar Dama

A ɗakin tuƙin kowane jirgin fasinja kujeru biyu ne a gaba. Ta hagu ta kyaftin ce, ta dama kuwa ta mataimakinsa. Duk saurayi ko budurwar da ke burin zama matuƙi, wannan kujera ta dama ita ce ƙofar shigarsa, domin babu mai fara aiki daga hagu. Yawancin mutanenmu sun ɗauka cewa makaranta ce kawai ke tsakanin yaro da kujerar nan: a samo kuɗi, a tura shi Zariya ko Ilorin ko ƙasar waje, ya dawo da lasisi, shi ke nan an yi matuƙi a gida. Wannan lissafi bai cika ba, kuma rashin cikarsa ya cinye dukiyar iyaye da ta gwamnatoci, ya kuma cinye ƙuruciyar matasa da yawa. Lasisi rabin tafiya ne, rabin da kuɗi kaɗai ke iya saye. Sauran rabin, wato daga ranar da aka miƙa wa ɗalibi takardarsa zuwa ranar da wani kamfani zai yarda ya zaunar da shi a gaban fasinjoji, shi ne inda ake faɗuwa. Don haka duk wanda zai kashe kuɗi a kan wannan sana'a, uba ne ko gwamna, daga kujerar ya kamata ya fara lissafi, ya dawo da baya zuwa makaranta.

Arewa ba baƙuwa ba ce a harkar jirgin sama. A Kano jiragen farko suka sauka a Najeriya, a watan Nuwamba na 1925, lokacin da sojojin saman Ingila suka taso daga Masar, kuma filin jirgin Kano shi ne mafi daɗewa a ƙasar. A 1964 aka kafa makarantar Zariya, da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ICAO mai tsara dokokin sufurin sama na duniya, don ta horar da matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage, ba na Najeriya kaɗai ba har da na wasu ƙasashen Afirka. A can Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, ta yi karatu, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci makarantar. Amma abin da ya sa tsarin ya yi aiki a wancan zamani ba makarantar kaɗai ba ce. Akwai Nigeria Airways, kamfanin gwamnati, wanda ke ɗaukar matasa, ya ga an horar da su, ya koya musu tuƙin jiragensa, ya zaunar da su a dama har su girma su koma hagu. Makaranta na haifarwa, kamfani na reno. Da kamfanin ya durƙushe aka rufe shi a 2003, sai aka bar uwa da haihuwa babu mai goyo. Kamfanoni masu zaman kansu da suka maye gurbinsa sun gaji fasinjojinsa da ƙwararrun matuƙansa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka gaji ɗabi'arsa ta renon sababbi.

Matakan karatun kansu ba ɓoyayyu ba ne. Kafin komai akwai gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, wanda likitan da hukumar NCAA mai kula da sufurin sama a Najeriya ta amince da shi ne kawai ke yi: ido, kunne, zuciya, hawan jini, sukari, da iya bambance launuka. Wannan na ƙarshe ya kamata iyaye su kula da shi, domin yaro na iya girma lafiya lau bai taɓa sanin cewa idonsa ba ya rarrabe ja da kore da kyau ba, alhali fitilun titin jirgi da na ɗakin tuƙi da launi suke magana. Gwajin nan shi ne mafi arha a duk tafiyar, kuma shi ya kamata a fara yi kafin a sayar da gona ko fili. Bayansa sai sakamakon sakandare mai kyau, musamman lissafi da fiziks da Turanci. Turancin nan ba na ado ba ne, dokar duniya ta tanadi matakin ƙwarewa na 4 cikin 6 ga duk wanda zai yi magana da hasumiya a jiragen ƙasa da ƙasa, kuma ana jarraba shi da baki. Daga nan ɗalibi ya hau tsani: lasisin tuƙin kai, wanda ke buƙatar aƙalla awa 40 a sama; lasisin kasuwanci, mai buƙatar awa 200, ko 150 a kwas ɗin da aka tsara a dunƙule; shaidar tuƙi da na'urori kawai ba tare da ganin ƙasa ba; da shaidar tuƙin jirgi mai inji fiye da ɗaya. Babban lasisi, wanda ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi, sai an cika awa 1,500 da shekara 21 da haihuwa.

A sana'ar nan awa ita ce kuɗi, ita ce daraja, ita ce shekaru. Kowane matuƙi yana da littafi da yake rubuta kowane tashi: kwanan wata, samfurin jirgi, lambarsa, daga ina zuwa ina, minti nawa, da rana ko da dare, shi kaɗai ko da malami. Kuma a ƙasarmu cika wannan littafi yana da wuyar da takardar talla ba ta faɗa. A ɗauki safiyar wata rana ta Janairu a Zariya. Ɗalibi ya tashi da asuba, ya karɓi rahoton yanayi, ya zagaya ƙaramin jirginsa yana duba fukafukai da tayoyi, ya tsiyayi ɗan mai daga ƙasan tanki a kofin gwaji ya ɗaga shi sama don ya ga ko akwai ruwa a ciki. Komai daidai. Sai ya dubi ƙarshen titin jirgi ya ga babu shi, hazo ya shanye. Mai koyo da ido yake tuƙi, yana bin sararin samaniya da alamomin ƙasa, kuma doka ta hana shi tashi idan ba a hango nesa gwargwadon kilomitocin da aka ƙayyade. Haka zai mayar da hular kunnensa cikin jaka ya koma aji. Hazon hunturu na iya cin makonni a jere tsakanin Disamba da Fabrairu, damina kuma ta zo da hadarinta na yamma. Shekaru da dama akwai kuma matsalar wani fetur na musamman da ƙananan jirage masu fiston ke sha, wanda ba a tace shi a gida, sai an shigo da shi da dala. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa makarantar ta karkata ga jiragen Diamond, masu shan man da manyan jirage ke sha. Idan aka haɗa hazo da ƙarancin mai da jiran kayan gyara, kwas ɗin da bai kamata ya wuce shekara biyu ba sai ya miƙe. Abin da ke kai masu hali Afirka ta Kudu ko Amurka ke nan, inda sama ke buɗe yawancin shekara, sai dai can da dala ake biya, kuma dalar da take kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya dawo da lasisin waje kuma sai ya sake zama jarrabawa kafin NCAA ta mayar masa da shi na gida.

To, a ce an tsallake duk wannan. Ga matashi da lasisin kasuwanci da awa 200 a littafinsa. Abin da ya iya tuƙawa shi ne jirgi mai kujera huɗu ko shida. Boeing 737 ko Embraer ko Airbus da kamfanoni ke jigilar fasinja da su kowanne duniya ce ta daban, kuma doka ba ta yarda ka taɓa ɗaya ba sai an buga maka shaidar wannan samfurin a lasisinka, abin da matuƙa ke kira taif retin. Ana samunta ne bayan makonni na karatun sassan jirgin da zama a cikin na'urar kwaikwayo, wani ɗaki da aka ɗora bisa ƙafafun ƙarfe masu motsi, cikinsa ɗakin tuƙi ne sak. Malami na zaune a baya da allonsa. Jirgi na gudu a titi, daidai lokacin da saurin ya wuce inda za a iya tsayawa, sai ya kashe inji ɗaya. Hancin jirgi ya fizga gefe, ƙararrawa ta ɗauka, ɗalibi ya danna feda da ƙafa don ya miƙar da shi, ya ɗaga hanci a hankali, abokin zamansa na karanto masa matakai ɗaya bayan ɗaya. Za a maimaita har sai ƙafa ta riga tunani. Wannan horo na cin dubban daloli, kuma shekara da shekaru sai an fita waje ake yinsa, ga kuɗin tikiti da biza da masauki. Bayansa ma tsugune ba ta ƙare ba, domin kamfanoni da yawa kan nemi wanda ya riga ya tara ɗaruruwan awanni a kan samfurin. Ba za a ɗauke ka ba sai kana da awa, ba za ka sami awa ba sai an ɗauke ka.

Akwai wani abu da ke ƙara tsananta wannan tarko, wanda na ga mutane ba su cika lura da shi ba. Mun saba ɗaukar takardar karatu kamar hatsi: a zuba a rumbu, ko bayan shekara biyar ne a ɗebo. Mai digirin lissafi da ya zauna shekara biyar babu aiki har yanzu mai digiri ne. Lasisin tuƙi ba hatsi ba ne, tumatir ne. Takardar lafiya kowace shekara ake sabunta ta. Shaidar tuƙi da na'urori tana da wa'adi, sai an sake gwada mutum. Wanda bai yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 ba, ba zai ɗauki fasinja ba. Matuƙin da ke aiki ma duk wata shida ake mayar da shi na'urar kwaikwayo. Mai aiki kamfani ke ɗaukar masa wannan nauyi, mai zaman gida kuwa daga aljihunsa ne, aljihun da babu abin da ke shiga. Ita ma shaidar samfurin, in an saye ta ba a hau jirgin ba cikin watanni, sai ta fara zubewa a takarda da kuma a hannu. Saboda haka kowane watan jira asara ce ta abin da aka riga aka biya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Kano. A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai 100 ƙasar Jodan don su koyo tuƙin jirgi. Niyyar mai kyau ce, kuma ta buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da ba su taɓa tsammanin za ta buɗe ba. Wanda ya raina hakan bai san abin da ake nufi da ɗan mai ƙaramin ƙarfi ya zauna a ɗakin tuƙi ba. Matasan sun yi karatu, sun dawo da lasisi. Amma sun dawo ne cikin kasuwar da ba ta da kujeru 100 na sababbin mataimaka, kuma da yawansu sun shafe shekaru suna jira, ba shaidar samfuri, ba kamfanin da ya yi alkawarin ɗauka. Wasu sun samu shiga daga baya, wasu rayuwa ta kai su wani wajen. Irin wannan ta faru da wasu daga cikin matasan yankin Neja Delta da shirin afuwa ya tura koyon tuƙi. Ba ƙwazon ɗalibai ne ya gaza ba, kasafin ne ya tsaya a tsakiyar kogi. Da kuɗin da aka raba wa mutum 100 an kashe shi a kan adadin da bai kai haka ba, aka kai kowannensu har kujera da yarjejeniya a rubuce da kamfani, da yawan matuƙan da ke sama a yau daga cikinsu ya fi haka, a ganina.

Za a ce, ai duniya na kukan ƙarancin matuƙa. Gaskiya ne, kamfanin Boeing na fitar da hasashe kowace shekara, kuma a shekarun nan yana cewa za a buƙaci sababbin matuƙa sama da 600,000 cikin shekara 20. Amma a duba wane irin matuƙi ake nema. Kamfanonin Dubai da Katar ba mai awa 200 suke zawarci ba, mai dubban awanni a kan babban jirgi suke so, wanda wani ya riga ya sha wahalar renonsa. Abin da wannan ƙaranci ke yi mana shi ne kwashe ƙwararrunmu, domin can ana biya da dala a kan kari. Kuma tafiyar kyaftin ɗaya ba kujera ɗaya take buɗe wa na ƙasa ba, wani lokaci rufe ta take yi. Sabon mataimaki ba ya fara aiki sai a gefen kyaftin mai shaidar koyarwa, wanda zai yi tafiye-tafiye da dama da shi kafin a sake shi. Idan irin waɗannan kyaftin suka yi ƙaranci, kamfani ba shi da hanyar shigar da sababbi ko da yana so. Shi ya sa ake iya samun ƙarancin matuƙa da zaman banzan matuƙa a ƙasa ɗaya, a lokaci ɗaya, kuma dukkansu gaskiya ne.

Wasu kuma za su ce laifin kamfanoni ne da ke ɗauko baƙi, a tilasta musu ɗaukar 'yan gida kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ban ga dalilin da zai sa a bar baƙo a kujerar dama shekara da shekaru ba alhali ga ɗan ƙasa da lasisi yana zaune. Hukuma na da hurumin ta ɗaura wa kowane izinin ɗauko baƙon kyaftin sharaɗin horar da na gida, ta kuma bibiya ta ga an cika. Sai dai yawan baƙin na da tushe a yadda kamfanoninmu ke samun jirage. Hayar jirgi iri biyu ce. Akwai wadda za a ba ka jirgi tsura na shekaru, kai ka nemo matuƙa da injiniyoyi. Akwai kuma wadda jirgi ke zuwa da matuƙansa da masu gyaransa da inshorarsa, na 'yan watanni. Masu jirage na duniya sun daɗe suna ɗari-ɗari da ba kamfanonin Najeriya iri na farko, saboda tsoron wahalar karɓo jirginsu ta kotu idan aka kasa biya. Sai kamfanoni suka koma iri na biyu, musamman a lokacin cunkoso, kamar ƙarshen shekara da jigilar alhazai. A 2024 an ba Najeriya kujerun Hajji har 95,000, aikin da ya isa ya rayar da matuƙa masu yawa, amma na 'yan makonni ne, kuma jirgin da aka hayo da ma'aikatansa ba ya ƙara wa ɗan Zariya ko minti ɗaya a littafi. Gyaran da aka yi a 2024 kan yadda kotunan tarayya za su riƙa bin yarjejeniyar Cape Town game da hayar jirage, ko da yake magana ce ta lauyoyi, ya fi kusa da matsalar matashin matuƙi fiye da jawabai da yawa da ake yi a kansa. Duk jirgin da ya shigo tsura yana buƙatar tawaga da dama ta matuƙa biyu-biyu don ya yi aiki kullum.

Ƙalubale mafi nauyi ga ra'ayina shi ne wannan: ka ce a ƙulla yarjejeniya da kamfani kafin a tura yaro, to wane kamfani ne ke da tabbacin kai wa shekara uku? Tambaya ce mai ƙarfi, domin maƙabartar kamfanonin jiragenmu cike take. Kabo Air ta Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ta yi tashe, Chanchangi ta Kaduna ta taɓa riƙe hanyar Legas da Abuja, ga IRS ta Kano, ga Okada da Bellview a kudu, duk sun zama tarihi. Arik, wadda ta taɓa zama mafi girma, hukumar AMCON mai karɓar bashin da ya gagara biya ce ta karɓe ta a 2017. Kamfanin ƙasa da aka ƙaddamar da sunan Nigeria Air a 2023 bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Kamfanin da ke samun kuɗi da naira yana biyan haya da inshora da kayan gyara da dala kullum a bakin rami yake. Na yarda da duk wannan. Amma abin da ya biyo baya ba shi ne a tura yara ido rufe ba. Matuƙin da kamfaninsa ya mutu bayan ya tara awa 1,000 a kan Boeing 737 yana da abin sayarwa, wani kamfanin zai ɗauke shi, a gida ko a waje. Wanda bai taɓa shiga ba shi ne ba shi da komai. Ashe ba dawwamar kamfani ake nema ba, shekara biyun farko ake nema. Kuma hikima ce a zaɓi samfurin da kamfanoni da yawa ke amfani da shi, yadda shaidar za ta bi mai ita duk inda ya koma. A yau ma akwai kamfanoni masu tushe a Arewa, irin su Max Air ta Alhaji Ɗahiru Mangal da Rano Air da ta fara jigila a 2023, waɗanda gwamnatin jiha za ta iya zama da su ta tambaya: mataimaka nawa za ku iya ɗauka a shekara uku masu zuwa, a kan wane jirgi, kuma me za mu biya don ku ɗauka? Amsar wannan tambaya ita ce adadin ɗaliban da ya kamata a tura.

Wannan ba sabon tunani ba ne a nahiyarmu. Habasha ta daɗe a kansa: kamfanin Ethiopian na da makarantarsa a Addis Ababa, yana ɗaukar ɗalibai gwargwadon jiragen da ya yi odar su, ya horar da su, su wuce kai tsaye zuwa kujerar dama. Amurka kuwa wata hanya ta bi. Can tun 2013 ba a zama mataimaki a jirgin fasinja sai da awa 1,500, in ban da wasu rangwame, amma suna da tsani mai matakala da yawa: sabon mai lasisi ya zama malamin tuƙi, ko ya yi jigilar kaya a ƙaramin jirgi, ko ɗaukar hoton ƙasa, yana tara awa ana biyansa. Mu ba mu da kamfanin reno irin na Habasha, ba mu da matakalar Amurka. Kuma ba don babu aikin ƙananan jirage ba ne. Duk shekarar da tsuntsayen jan baki suka far wa gonakin gero da shinkafa a Yobe ko Jigawa ko Kebbi, da jirgi ake feshi. Ga sintirin dazuzzuka da bututun mai, ga ɗaukar marasa lafiya, ga zirga-zirgar ma'aikatan agaji daga Maiduguri. Ayyuka ne da ake bayarwa jefi-jefi a matsayin kwangila, ba a taɓa kallonsu a matsayin wurin renon matuƙa ba. Ko makarantun kansu matakala ne: ɗalibin da ya yi fice a riƙe shi ya zama malami, shekara biyu ko uku ya fita da awanni masu auki, makaranta kuma ta rage ƙarancin malamai da ke jinkirta karatun na baya.

Ga wanda ba shi da mai ɗaukar nauyi, hanyar da babu kuɗin makaranta a cikinta ita ce soja. Ana shiga ta makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna, kuma rundunar sojan sama na da makarantar tuƙi ta farko a Kaduna, da ta jiragen yaƙi a Kano. Ta wannan hanya Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a Najeriya a 2019, kamar yadda Ouma Laouali ta zama matuƙiya ta farko a sojan saman Nijar a 2015. Amma kada a yaudari yaro. Wanda ya shiga soja, soja ne kafin ya zama matuƙi, ba shi ke zaɓar ko za a ba shi tuƙi ba, kuma ya ɗauki alkawarin shekaru na aikin da ake rasa rai a cikinsa. Wanda ya shiga da niyyar ya ari hanya zuwa jirgin fasinja ya zalunci kansa da rundunar. Jirgi mai saukar ungulu ma hanya ce da matasan Arewa ba su cika dubawa ba, alhali kamfanoni irin su Bristow da Caverton na jigilar ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin cikin teku kowace rana, kuma Bristow ta yi suna wajen ɗaukar matasan Najeriya ta biya musu horo. Ɗan Nijar kuwa, makarantar EAMAC da ke Yamai ta shahara a Afirka wajen horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi da masu fasahar na'urori, ba matuƙan jirgin fasinja ba, kuma tun rushewar Air Afrique a 2002 kujerun yankin suka ƙara ƙaranci. Zariya ta fi masa kusa da kowace makaranta ta Turai, in ya shawo kan Turanci.

Na san abin da ke da ɗaci a wannan ra'ayi. Cewa a rage adadi yana nufin wasu yaran da suka cancanta ba za su tafi ba, kuma a ƙasar da alfarma ke da ƙarfi, guraben da suka yi kaɗan sukan ƙare a hannun 'ya'yan manya. Wannan tsoro ne na gaske, kuma maganinsa yana wajen zaɓe. A bar kamfanin da zai ɗauki yaran ya shiga tantance su tun farko, da gwajin lafiya da na lissafi da na haɗin ido da hannu, domin kamfanin da zai damƙa wa mutum jirgi da rayuka ba shi da sha'awar ɗan wane ne. A buɗe gwajin ga 'yan mata kamar yadda aka buɗe wa maza, tunda babu wani abu a ɗakin tuƙin zamani da ke buƙatar ƙarfin damtse. A kuma biya kuɗin kashi-kashi, kowane mataki sai an ci na bayansa, a ajiye kason shaidar samfuri da na watannin farko na aiki a asusun da canjin gwamnati ba zai taɓa shi ba, domin horon matuƙi ya fi sauran wa'adin gwamna tsawo a mafi yawan lokuta, kuma an sha ganin ɗaliban da sabuwar gwamnati ta manta da su a ƙasar waje. Ɗalibin da ya fara karɓar albashi ya riƙa mayar da wani kaso, a tura na bayansa da shi.

Saura na'urar kwaikwayo. Gwamnatin tarayya ta sayo wa makarantar Zariya irin ta Boeing 737, kuma an ɗauki lokaci mai tsawo kafin a fara cin moriyarta yadda aka yi fata. Irin wannan na'ura ba a kafa ta a tafi. Tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da sanyin ɗaki, da injiniyoyin da ke kwana kusa da ita, da hukuma ta riƙa sabunta mata shaida, sannan ta yi aiki dare da rana kafin ta mayar da kuɗinta. Idan ta tsaya da ƙafarta, matuƙan kamfanoninmu da ke fita waje duk wata shida za su riƙa hawa mota daga Kano ko Abuja su je su dawo, kuma yaron da ya gama awa 200 a ƙaramin jirgi zai taka daga wancan gefen harabar zuwa wannan ya yi shaidar samfurinsa, ya biya da naira.